Lambar Alhaji Kadri

Na liƙa takarda a ƙofar biro, nan Tawa, daura da tasha:
ana neman mai kiran mutane a waya
ya tallata musu asirans.
Albashi jika sittin, kuɗin kira namu ne.
Kafin azahar mutum tara sun cika benci,
har da wani dattijo da ya zaci aikin gadi ne.

Ban tambayi kowa takardar lakkal ba.
Lamba ɗaya na rubuta a bayan ambulan:
Alhaji Kadri, mai manyan motoci uku
masu kai albasar Galmi Abijan.
Ta mota yana biya, don tsoron jandarma.
Ta kaya kuwa, shekara huɗu ina kira,
shekara huɗu amsarsa ɗaya:
Allah ke tsare hanya.
Ƙit.

Illiyasu ya fara, kwat da wuyan riga a ɗaure cikin wannan zafi.
Faransanci ya ɓalle masa kamar famfon da ya rasa makunni.
Alhaji ya bari ya kai aya, ya ce:
Yaro, ka yi ɓatan lamba, nan ba gidan gwamna ba ne.

Na biyu bakinsa zuma.
In mota ta faɗi da hantsi, in ji shi,
kafin magariba kuɗi na aljihunka.
Na karɓe wayata.
Shi zai yi ƙaryar ya tafi gida,
ni za a zo wa da sanda.

Sauran ba sai na lissafa ba.
Alhaji ya fara ɗauka da tsaki maimakon sallama.

Sahiya ce ƙarshe.
Wayarta ɗaure da ƙyauro, muryarta a ɗan dishe.
Ta ce dā ita ke tsaron telesantir a Wadata,
kafin salula ta zo ta rufe musu baki.
Ta danna lamba. Ta gaishe shi.
Ta gaida gajiya, ta gaida iyali, ta gaida masu hanya.
Ta tambayi kuɗin buhu bana.
Minti shida. Ina kallon agogo,
kuɗina na ƙonewa kamar karan dawa.

Sai na ji muryar Alhaji ta sauka ƙasa.
Bara, ya ce, bayan Dogon Dutsi,
taya ta fashe wa Na-Allah da tsakar dare.
Direba ya fita da ransa, alhamdulillahi.
Buhu ɗari uku kuwa rana ta dafa su a bakin kwalta,
har awaki suka ƙi.

Sahiya ta ce Allah ya mayar da alheri.
Ta yi shiru.

Shirun nan ne ban taɓa iyawa ba.
Ni da tuni na jefa masa farashi
kamar mai jifan kurciya.

Can ta ce: Alhaji, wa ya kama maka?
Ya ce: wa fa?
Ta ce: to, mu aikinmu ke nan,
gudummawa ce da ake tarawa tun mota na tsaye.

Bai saya ba.
Ya dai ce: ɗiyata, gobe Lahadi, kasuwa.
Kira ni Litinin, bayan la'asar.

Wuta ta ɗauke, fanka ta tsaya.
Na fita na ɓamɓare takardar daga ƙofa,
na dawo na ce ta fara Litinin ɗin.
Ta yi godiya, ta gyara mayafi,
ta kai bakin ƙofa ta juyo:
Madam, wannan gudummawar,
in ni ce na faɗi a hanya,
ina ciki?

Na buɗe durowa, na rufe.
Shekara goma sha biyu ina sayar da amsa,
wannan ba ta cikin takardun da na buga.